Yadda Muke Sallama da Iyayenmu a Potiskum

Abokan karatuna da suka zo daga kudu sun sha tambayata, don me mutanenmu suke gaggawar binne mamaci, ba akwati, ba jawabi. Ga abin da na gani da idona sa'ad da muka binne mahaifina.

Mu Bolewa ne. Gidan Sarkinmu, watau Moi Fika, ya taso daga Fika zuwa Potiskum a 1924, kuma yawancin jama'armu Musulmi ne. A wurinmu gaggauta jana'iza girmama mamaci ne. Wanda ya rasu da asuba, da wuya ya kai la'asar ba a rufe shi ba.

Da fari akan yi masa wanka, a naɗe shi da farin likkafani, a ɗora bisa makara. Sa'an nan liman ya tsaya, jama'a su yi sahu bayansa. Kabbara huɗu ce, ba ruku'u, ba sujada. Akan kuma yi shela cewa duk mai bin mamacin bashi ya zo wurin magada.

A maƙabarta akan haƙa rami mai faɗi, da wani ƙarami a cikinsa. Nan ake kwantar da shi bisa gefen dama, fuska ga alƙibla. A jera itace a bisa, a liƙe da ɗanyar ƙasa, kāna a tura sauran. Ni da ƙanena muka karɓe shi da hannunmu. Sallamarmu ke nan.

A makarantar Mishan inda na yi karatu na saba ganin waƙa da wa'azi a bakin kabari. A nan kuwa shiru ne da addu'a. Likkafanin attajiri da na manomi duka fari ne.

To, 'yan'uwa, da yawanmu muna nesa da gida, watakila labari ba zai iske mu ba sai an riga an rufe. Kada wanda abin ya sama ya ce ya rasa kome. Akwai zaman makoki kwana uku. Akwai bashin da za a biya, da uwa mai takaba wata huɗu da kwana goma, da ƙanne masu bukatar kuɗin makaranta. Wanda ya ɗauki waɗannan, ya yi wa mahaifinsa rakiya.

Allah ya jiƙan magabatanmu, amin.