Ɓawon gyaɗa da ƙwallon aduwa na kama gubar ruwa, amma sai an bi ƙa'ida

A shekarar 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Da fari an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, saboda amai da jijjigar da suke yi, sai da likitocin ƙungiyar MSF suka sa aka auna jininsu kana aka gano dalma ce. Masu neman zinariya ke kawo duwatsu masu ɗauke da dalma gida a daka a turmi, ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida da abinci da tafkuna.

Tsakanin Zamfara da yankinmu na Alela ba wata tazara ba ce. Samarinmu na Ƙonni da Malbaza da Illela suna zuwa wuraren haƙar zinariya, su dawo da ƙura a tufafi, wani ma da kwalbar zaiba a jaka. A gida kuma akwai mataccen batirin mota da na sola da ake fasawa a bakin kwata, da ƙananan batiran tocila da ake watsarwa a juji, damina ta kwashe su zuwa tafki. Wasu takin zamani na fosfat ma suna ɗauke da kadmiyom kaɗan-kaɗan, abin lura ga masu noman rani a kwarin Maggiya.

Sharrin waɗannan ƙarafa shi ne ido ba ya ganinsu. Ruwa na iya zama garau, ba wari ba ɗaci, alhali da dalma a ciki. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma dalma ba ta tafiya da tururi. Ruwan ne ke raguwa, ita tana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar mikrogiram 10 na dalma a lita guda, ta kuma ce babu adadin da ba ya cutar da yaro. Dalma takan taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya taso ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne.

Masana sun daɗe da gano cewa abin da manomi ke zubarwa yana iya kama waɗannan ƙarafa: ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayin shinkafa, totuwar masara, har da ɓawon albasa, wanda a Galmi iska ke yawo da shi a bakin rumbuna. A jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai an sarrafa ƙwallon aduwa da na goruba zuwa gawayi na musamman, aka gwada shi wajen cire kuromiyom, ƙarfen da manyan majemu na zamani ke zubarwa a ruwa. Majeminmu na gargajiya da bagaruwa yake aiki, shi ba ruwansa da wannan.

Yadda ake yi: a wanke ɓawon, a shanya, a jiƙa shi da wani ruwan asid, a gasa a tanda mai zafin digiri ɗaruruwa ba tare da iska ta shiga ba, sannan a ɗauraye sosai. Abin da ke fitowa baƙin gari ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, har giram ɗaya kan sami faɗin da ya haura murabba'in mita 500 in an baje ramukan. Ruwa na ratsawa, ƙarfen na maƙalewa a jikinsu.

To, a nan ne nake jan kunne. Kada wani ya ji wannan ya ɗebo gawayin murhu ko ɓawon gyaɗa ya zuba a randa, ya ce ya gama da guba. Gawayin girki yana rage wari, amma ƙarfinsa a kan dalma kaɗan ne. Ɗanyen ɓawo kuwa ruɓewa yake yi a ruwa, na gyaɗa ma yakan zo da funfuna mai illa ga hanta. Ko gawayin da aka sarrafa da kyau yana cika, kuma ba ya nuna alamar ya cika. Daga nan sai guba ta riƙa wucewa, mai gida yana sha da kwanciyar hankali. Mafi yawan gwaje-gwajen nan a ɗakin bincike aka yi su, a ƴan kwalabe, inda ake auna komai. Aikin ya fi dacewa da ƙungiyar manoma ko ta mata tare da masani mai awo, su kafa matata guda ta unguwa.

Kafin a kai can, in ana zargin rijiya ko tafki, a sanar da ma'aikatar ruwa ta gunduma a nemi awo, a faɗa musu ƙarafa ake son a duba, domin awon ƙwayoyin cuta daban ne. Kada a fasa batir kusa da rijiya ko inda yara ke wasa. Wanda ya dawo daga wurin zinariya ya wanke tufafinsa dabam, nesa da madafa. Yaron da ke yawan ciwon ciki da kasala da ƙarancin jini, a kai shi asibiti, a gaya wa likita sana'ar da ake yi a gidan.

Gawayin da ya gama aiki kuma ya zama guba shi kansa. Ba a hura wuta da shi, ba a zuba shi a gona a matsayin taki, ba a barinsa inda awaki ke kiwo. A ɗaure shi a leda mai kauri, a sa a bokiti mai murfi, a tambayi jami'an muhalli inda za a kai shi.