Mai Shagon Magani Ya Zama Malamin Gona

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, idan tsutsa ta faɗa wa masara, kasuwa manomi yake nufa, Sheme ko 'Yankara ko Dandume, ya ce wa mai shago a ba shi magani mai ƙarfi. Abin da mai shagon ya faɗa shi ne hukunci: murfi nawa za a zuba a tankin feshi, da wane magani za a haɗa. Malaman gona na KTARDA, hukumar aikin gona ta jiha, sun yi kaɗan tun asali, sai kuma matsalar 'yan bindiga ta hana su shiga ƙauyuka da dama.

Ita wannan tsutsa baƙuwa ce daga nahiyar Amurka. A farkon 2016 aka fara ganinta a Afirka, kuma a Najeriya aka gan ta. Halinta shi ne ta shige cikin zuciyar masara ta ɓuya da rana, ta fito ci da daddare. Wanda ya yi feshi da tsakar rana a kan ganye, ya yi asarar kuɗinsa. Masana a Samaru da cibiyar NAERLS ta Zariya suna ba da shawarar a riƙa duba gona tun masara tana ƙarama, a yi feshi da sassafe ko da yamma, a saita bakin famfo cikin zuciyar, tun tsutsar ba ta girma ba. Kuma kada a nace wa sinadari ɗaya, domin tsutsar tana sabawa da shi. A nan ake yawan ruɗuwa: kwalabe biyu masu suna daban suna iya ɗauke da sinadari iri ɗaya. Manomi ya ɗauka ya canza magani, alhali kwalba kawai ya canza. Bayanin yana jikin takardar kwalbar, amma da Turanci, da ƙananan baƙaƙe.

Haka labarin haramci yake maƙalewa a hanya. Hukumar NAFDAC ta sanar da haramta maganin ciyawa na paraquat daga farkon 2024, amma sanarwar da aka yi a Abuja ba lallai ta isa kunnen mai feshin haya a Sabuwa ba, wanda ke aiki ba takunkumi ba safar hannu. Ga kuma fiya-fiya da ake zuba wa wake a ajiya. Sinadarinsa, dichlorvos, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigo da wakenmu a 2015. Alhali buhun PICS mai ninki uku yana kashe ƙwaro ta hanyar toshe masa iska, ba tare da guba ba.

Ni a ganina, tunda mai shago ne manomi ke saurara, shi ya kamata a fara koyarwa. A yi masa rajista, a horar da shi da Hausa, a ba shi jerin magungunan da aka haramta ya liƙa a ƙofar shago. Saƙon murya ta WhatsApp da shirin rediyo suna shiga inda mota ba ta iya shiga.

Labarin kuma ya riƙa komawa sama, daga manomi zuwa hukuma. Manomin da ya fesa magani sau uku bai yi aiki ba, shi ne ya fara sanin cewa jabu ya shigo kasuwa ko tsutsa ta saba. Muna kira ga KTARDA da NAFDAC su ba manoman waɗannan ƙananan hukumomi uku lambar waya da za su kira, a amsa musu da Hausa, kafin damina ta kama.