Zoben Da Ke Tona Asirin Maganaɗisu

A birnin Grenoble na ƙasar Faransa akwai wani gini mai siffar zobe, kewayensa mita 844. A cikinsa ƙwayoyin ilektoron ke gudu dare da rana, saura ƙiris su kamo saurin haske. Duk inda aka tanƙwara hanyarsu sai su fesar da hasken eksire mai tsananin ƙarfi, wanda na asibiti bai kama ƙafarsa ba. Irin wannan na'ura ake kira sinkurotoron. Ta Grenoble, wato ESRF, ta fara karɓar masu bincike a 1994, kodayake tun 1947 aka fara ganin irin wannan haske a ɗakin gwajin kamfanin General Electric a Amurka.

Me ya haɗa wannan zobe da maganaɗisu? Na'urorin awo na gargajiya jimilla kawai suke bayarwa. Idan aka sa musu ɗan guntun abu da aka haɗa da ƙarfe da kobal da nikel, za su faɗi ƙarfin jansa gaba ɗaya, amma ba za su ce wane sinadari ne ya kawo nawa ba. Mai son ƙera maganaɗisu mafi inganci kuwa, wannan ita ce tambayar da ke hana shi barci.

Hasken sinkurotoron na amsa ta, domin kowane sinadari yana da ma'aunin kuzarin da yake haɗiye eksire a kai. Ƙarfe na haɗiya a wajen ilektoron-bolt 707, kobal a 778, nikel a 853. Sai mai bincike ya saita hasken a kan lambar da yake so, kamar malami mai kiran suna a aji: wanda aka kira shi kaɗai zai amsa. Daga nan sai dabara ta biyu, wadda ta fi ta farko ban sha'awa. Ana iya sa hasken ya riƙa murɗawa dama yayin da yake tafiya, ko ya murɗa hagu. Sinadarin da ke da maganaɗisu ba ya haɗiye biyun daidai wa daida. Wannan ɗan bambanci shi ake aunawa, kuma masana na kiran hanyar XMCD a taƙaice.

Wata Bajamushiya, Gisela Schütz, ita da abokan aikinta ne suka fara nuna abin a zahiri a 1987, a cibiyar DESY da ke Hamburg, a kan ƙarfe. Bambancin da suka gani ƙanƙane ne ƙwarai, amma ya isa hujja. A 1992 da 1993 su Theo Thole da Paolo Carra suka fitar da ƙa'idojin lissafi da ke raba ƙarfin maganaɗisu gida biyu: wanda ke fitowa daga juyin ilektoron a kan kanta, da wanda ke fitowa daga zagayenta a cikin ƙwayar zarra. Rabon nan na biyu ƙarami ne a yawancin ƙarafa, sai dai yana da hannu dumu-dumu wajen sa maganaɗisu ya kafe ta fuska ɗaya ya ƙi juyawa. Ba don wannan kafewa ba, da faifan ajiya na kwamfuta bai riƙe komai ba.

Abin ya kai har kan zarra ɗaiɗai. A 2003 Pietro Gambardella da tawagarsa suka baza ƙwayoyin kobal a warwatse kan farantin filatinam mai tsananin sanyi, suka haska su a Grenoble, suka tarar kowace ƙwaya na kafewa ninkin-ba-ninkin fiye da yadda take yi cikin dunƙulen kobal. A Japan kuma, cibiyar SPring-8 na amfani da hanyar wajen binciken maganaɗisun niyodimiyam, irin wanda ke cikin injin motocin lantarki da lasifikar waya.

Shiga waɗannan cibiyoyi ba da kuɗi ake saye ba ga yawancin masu binciken jami'a. Takardar neman izini ake rubutawa, kwamiti ya tantance, wanda ya dace a ba shi 'yan kwanaki, ya yi ta aiki ba dare ba rana. Gabas ta Tsakiya ta samu tata, SESAME, a Jodan a 2017. Afirka har yau ba ta da ko guda, shi ya sa Afirka ta Kudu ta ƙulla yarjejeniya da ESRF a 2013 don masananta su samu gurbi a can.