Inji na Hutawa, Manhaja na Jira

A shekarar 2018 injiniyoyin Indeed, kamfanin neman aiki ta intanet da ke da cibiya a birnin Austin na Amurka, suka ci karo da wata matsala da ta ƙi shiga lissafi. Manhajojinsu na shafin intanet suna amsa yawancin buƙatu nan take, amma jefi-jefi sai amsa ta tsaya cak. A ɗaya daga cikin manhajojin, jiran yakan haura sakan 2. A aikin kwamfuta wannan dogon zama ne, domin a cikin sakan ɗaya furosesa tana iya yin lissafi sau biliyoyi.

Duk wanda ya san wannan sana'a, idan manhaja ta fara jan ƙafa, furosesa yake fara dubawa, ko aiki ya yi mata yawa. Suka duba. Allon sa ido ya nuna furosesar ba ta ko yi gumi ba. Ga ƙarfi a ajiye, ga manhaja tana jira, kuma babu wanda zai iya cewa me ya shiga tsakaninsu.

Kafin a bi sawun abin, sai an san yadda ake zaman haya a cikin waɗannan injuna. Uwar garke ta zamani, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafuka da manhajoji, tana da ƙwaƙwalwar lissafi masu yawa, kowace tana aikinta daban. A lokacin, wasu injunan Indeed suna da 88. Ba wanda zai ba manhaja ɗaya irin wannan inji sukutum, domin yawancin yini zai zauna ne yana shan wuta a banza. Sai a yanka ƙarfinsa gunduwa-gunduwa, a zuba manhajoji da dama a ciki, kowace a cikin nata kwantena. Kasuwancin gajimare, wato hayar ƙarfin kwamfuta ta intanet, kacokan a kan wannan rabo ya tsaya: mai inji yana son ya cika shi da 'yan haya, ɗan haya kuma yana son ya samu abin da ya biya ba tare da na kusa da shi ya cinye ba.

Linux, tsarin da ke tuƙa mafi yawan waɗannan injuna, yana da hanya biyu ta yin rabon. Ta farko mai sassauci ce: idan an yi cunkoso a raba gwargwadon nauyin kowa, idan babu cunkoso kowa ya ci iya cinsa. Ta biyu tana da tsauri. Ana yanka wa kwantena kaso, ko da injin babu kowa ba zai wuce shi ba. Wannan ta biyun Paul Turner na Google ne ya jagoranci rubuta ta, ta shiga Linux a siga ta 3.2 a farkon 2012, kuma da ita manhajojin sarrafa kwantena irin su Kubernetes da Docker da Mesos suke ɗaure iyakar furosesa. Kamfanoni suna son ta saboda da ita ake sanin abin da kowace manhaja za ta ci, a yi kasafin injuna, a yi lissafin kuɗi.

Wanda ake fara zargi a irin wannan hali shi ne maƙwabci. Sanannen abu ne a gajimare: wani ɗan haya ya taso da aiki mai nauyi, na gefensa su sha wahala. To amma maƙwabci mai haɗama ba ya ɓuya. Idan shi ne, za a ga injin ya cika, ana layin furosesa. A nan babu layi.

Haske na farko ya fito ne daga wani ɗan ƙaramin fayil da Linux ke ajiye wa kowane kwantena, mai suna cpu.stat. Lambobi uku ne a ciki da suka shafi wannan batu: zango nawa kwantenan ya yi yana aiki, a zango nawa aka taka masa birki, da jimillar lokacin da ya yi a tsaye. Da aka jera waɗannan lambobi kusa da lokutan da amsa ke jinkiri, sai suka hau kan juna daidai. Duk sa'ad da manhaja ta tsaya, Linux ne da kansa ya riƙe ta, yana cewa ta cinye kasonta.

Ga yadda birkin yake aiki. Linux yana yanka lokaci zango-zango, kowane zango milisakan 100, wato kashi ɗaya cikin goma na sakan. Idan an ba kwantena kashi 40 cikin 100 na ƙwaƙwalwa ɗaya, yana da milisakan 40 a kowane zango. Da ya cinye su sai a tsayar da shi, ya jira sauran 60 su wuce. Aikin da ke buƙatar milisakan 200 na lissafi zai yi 40 ya tsaya, ya sake yin 40 ya tsaya, har sau huɗu, sai a zango na biyar ya kammala. Abin da ya kamata ya ƙare a milisakan 200 ya kai 440. A cikin minti ɗaya akwai zango 600, allon sa ido kuwa yakan tattara su ne ya fitar da matsakaici, sai tsaye-tsayen su narke a cikinsa ba a gani.

Wannan bayani ya kusa gamsarwa, kuma akwai ƙari a kansa. Manhajar zamani ba hannu ɗaya take aiki da shi ba. Tana raba aikinta zare-zare, kowane zare yana iya hawa ƙwaƙwalwa daban a lokaci guda, kuma duk daga kaso ɗaya suke ci. Zare 10 da suka tashi tare za su lamushe milisakan 40 a cikin milisakan 4 kacal, sannan dukkansu su yi zaman jira na 96. Mutane da yawa da ke kukan birki a Kubernetes, iyakar matsalarsu ke nan, kuma ba laifin Linux ba ne, haka dokar take.

Sai dai lissafin Indeed bai tsaya a nan ba. A duk misalan nan, kwantena ya ci kasonsa tas kafin a tsayar da shi. A wurinsu kuwa ana taka wa manhaja birki alhali abin da ta ci bai kai abin da aka yanka mata ba. An ce mata kasonki ya ƙare, ma'auni ya ce ba ta cinye ba. Wani ɓangare na lokacin da aka ware mata yana salwanta a wani wuri tsakanin rumbu da baki.

Dave Chiluk, injiniyan Indeed da ya ɗauki nauyin binciken tare da abokan aikinsa, ya bi hanyar da ta fi kowace wahala amma ta fi tabbas: a sa matsalar ta faru da gangan, a wurin da za a iya kallonta. Suka rubuta wata ƙaramar manhajar gwaji mai suna fibtest, wadda ba ta da wani aiki sai lissafin jerin lambobin Fibonacci. Dabarar tana cikin yadda aka raba zarurrukan. Akwai mai gudu ba tsayawa, akwai masu yin ɗan lissafi kaɗan su kwanta barci, su farka su ɗan taɓa su sake kwantawa, kowanne a kan tasa ƙwaƙwalwar. Haka manhajar shafin intanet take a zahiri: zarurruka da yawa da mafi yawan lokacinsu jira ne. A ganina nan ne aka ci rabin yaƙin, domin da zarar gwajin ya kama matsalar, abubuwa biyu suka bayyana. Yawan ƙwaƙwalwar inji yana ƙara munin abin, wato injin da ya fi tsada shi ya fi cutuwa. Sannan tsofaffin sigogin Linux ba su da wannan ciwo. Wani abu ne ya canza.

Neman sauyi ɗaya a cikin Linux ba wasa ba ne, don tsakanin siga da siga akan shigar da sauye-sauye fiye da dubu goma. Amma akwai dabara da ake kira git bisect. A ɗauki tsakiyar jerin a gwada. Idan ciwon yana nan, mai laifi yana rabin farko, idan babu yana rabin ƙarshe. A sake raba wannan rabin biyu, a sake gwadawa. Da gwaji 14 ana iya tace sauyi fiye da 16,000 har a tsaya kan guda. Wanda aka tsaya a kansa a nan shi ne mai lamba 512ac999, wanda ya shiga siga ta 4.18 da ta fito a watan Agustan 2018, aka kuma kwafe shi zuwa wasu tsofaffin sigogi da kamfanoni ke amfani da su.

Da aka karanta sauyin, sai lamarin ya ƙara ɗaure kai, domin babu kuskure a cikinsa. Gyara ne na gaskiya, an yi shi ne don magance wata matsala ta saɓanin agogo tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙwaƙwalwa, kuma ya yi abin da aka rubuta shi ya yi. To ta yaya gyara mai kyau zai haifar da wannan ɓarna?

Amsar tana cikin yadda ake fitar da kason daga rumbu. Kason kwantena yana zaune ne a wuri ɗaya, kuma da a ce kowace ƙwaƙwalwa za ta riƙa zuwa can a kan kowane ɗan motsi, da layin ƙofar rumbun kaɗai ya isa ya durƙusar da injin. Saboda haka idan zare ya farka a kan wata ƙwaƙwalwa, sai ta ɗebo milisakan 5 gaba ɗaya ta riƙe a hannu. Idan zaren ya gama da wuri ya kwanta, sai ta mayar da ragowar, amma ba duka ba. Takan riƙe milisakan 1, ko zaren zai sake farkawa nan kusa, don kada ta sake komawa layi. Har nan komai da hikimarsa. Sai kuma doka ta uku, wadda ke aiki a wancan lokaci: idan zango ya ƙare, duk abin da ya rage a hannun kowace ƙwaƙwalwa ya mutu, ba a tsallaka da shi zango na gaba.

A ɗauka tanki ɗaya ne na ruwa da masu ɗiba 88, kowa da bokitinsa. Guda 87 suka ɗiba, suka ɗan kurɓa, suka mayar, kowa ya bar kofi ɗaya a gindin bokiti. Na 88 shi ne mai ainihin aikin, ya dawo ƙari aka ce tanki ya ƙafe. Ruwan yana nan a warwatse a gindin bokitai 87, ba mai iya miƙa masa, kuma da an buga ƙararrawa za a zubar da shi ƙasa. A kan inji mai ƙwaƙwalwa 88, abin da ke iya zubewa haka ya kai milisakan 87 a kowane zango. Kwantenan da aka yanka wa ƙwaƙwalwa ɗaya cur, wato milisakan 100, yana iya tashi da 13. Shi ya sa ma'auni ke nuna ba a ci ba, rumbu kuma yana cewa babu. Dukkansu gaskiya suke faɗi.

Saura tambaya ɗaya. Dokar kashe ragowa tana cikin tsarin tun asali, me ya sa ba a ji zafinta ba sai 2018? Da Chiluk ya bi tarihin wannan ɓangare, sai ya gano cewa tun 2014 wani kuskure ya hana dokar aiki. Ragowar ba ta mutuwa, tana tsallakawa zango na gaba, zaren da ya farka ya same ta ya ci. Shekara huɗu ana gina Kubernetes da makamantansa a kan wannan hali, injuna suna ƙara yawan ƙwaƙwalwa, manhajoji suna ƙara yawan zare, ba wanda ya san dokar tana barci. Sauyi mai lamba 512ac999, garin gyara agogo, ya tashe ta, ta farka a kan injunan da suka ninka na zamanin da aka tsara ta girma.

Abin da ya fi damuna a wannan labari shi ne kuɗin da ya tafi a tsakani. Injiniyan da ya ga ana taka wa manhajarsa birki, abin da ke hannunsa shi ne ya ƙara mata kaso. Ƙarin kaso yana nufin kwantena kaɗan ne za su shiga inji ɗaya, wannan kuma yana nufin ƙarin injuna da ƙarin kuɗin haya, duk don a cike gurbin lokacin da an riga an biya ana zubarwa. Wasu masu amfani da Kubernetes da suka gaji sai suka cire iyakar gaba ɗaya, suka koma wa haɗarin maƙwabci mai haɗama da aka kafa iyakar dominsa tun farko.

Maganin da aka tsaya a kai bayan watanni ana kai-komo da masu kula da wannan sashe na Linux shi ne a cire dokar kashe ragowa ɗungurungum. Bai zo a banza ba. Tunda ragowa tana tsallakawa, kwantena yana iya ɗan zarce kasonsa a wani zango, da abin da bai fi milisakan 1 ba a kan kowace ƙwaƙwalwa. Amma lokacin da ya ci ɗin nasa ne da ya rage daga baya, don haka idan aka auna a tsawon lokaci bai wuce iyakarsa ba. Shekarun da aka yi dokar tana barci ba tare da an koka ba su ma sun zama hujja cewa ana iya rayuwa babu ita.

Gyaran ya shiga Linux 5.4 a watan Nuwamban 2019, aka kuma mayar da shi cikin wasu tsofaffin sigogi da ake ci gaba da kulawa da su. A gwajin da aka ba kwantena milisakan 10 cikin 100 a kan inji mai ƙwaƙwalwa 80, aikin da ya iya yi ya ninka kusan sau 30 ba tare da an ƙara masa kaso ba. Ita kuwa manhajar Indeed da jiranta ke haura sakan 2, mafi munin jinkirinta ya dawo milisakan 30.