El Jem: Tsohon filin dagar Rumawa da ke ciyar da gari guda a Tunisiya

Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa na Dosso lokacin gasar Takobin Ƙasa, ba zai ji baƙunta ba idan ya shiga tsohon filin wasan Rumawa na El Jem. Fasalin ɗaya ne: fili a tsakiya, kujeru hawa-hawa sun kewaye shi. Bambancin shi ne, a Dosso wanda aka kayar yana tashi ya kaɗe ƙura, a nan kuwa sau da yawa gawarsa ake fitarwa.

Garin El Jem yana da nisan kusan kilomita 200 kudu da birnin Tunis, tsakanin Sousse da Sfax. Da na fito daga tashar jirgin ƙasa, ban tambayi kowa hanya ba, domin ginin ya kere dukkan gidajen garin.

An gina shi ne wajen shekara ta 238 Miladiyya, lokacin da ake kiran garin Thysdrus, kuma arzikin man zaitun ne ya ɗauki nauyinsa. Tsawonsa mita 148, faɗinsa mita 122, an kuma ƙiyasta yana ɗaukar 'yan kallo kusan 35,000. A ƙarƙashin filin akwai lunguna masu duhu inda ake tsare namun daji da mayaƙa kafin a fito da su. Nan ne jikina ya yi sanyi.

Ginin ya sha wuya. A 1695 an yi masa luguden igwa don fatattakar 'yan tawayen da suka ɓuya a ciki, daga baya mutanen gari suka riƙa kwasar duwatsunsa suna gina gidaje. Amma a 1979 UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya. Yau masu shaguna, masu gidajen abinci da masu yi wa baƙi jagora duk da shi suke ci. Tikitin shiga ya haɗa da gidan tarihin garin, kuma duk bazara ana shirya bikin kaɗe-kaɗe a cikinsa.

Sai dai ba kowane baƙar fata ne ke zuwa yankin don yawon buɗe ido ba. A gonakin zaitun na El Amra, kusa da Sfax, dubban 'yan ci-rani daga kudu da Sahara sun yi zaman jiran tsallakawa Turai, har hukumomi suka fara rushe sansanoninsu a Afrilun 2025. Don haka duk ɗan uwan da zai je, kada fasfo ya bar aljihunsa.

A saman hawa na uku, Gaya ce ta faɗo mini a rai. Mu ma ba mu rasa abin nunawa ba. Gandun dajin W ya shiga jerin UNESCO tun 1996, fadar Zarmakoy tana Dosso, a tsallaken iyaka kuma akwai kufan Surame, birnin da Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16. Amma rashin tsaro ya kori baƙi daga gandun dajin, rufe gadar Gaya zuwa Malanville bayan juyin mulkin Yulin 2023 kuma ya mayar da matafiya kan jiragen kwale-kwale.

Tsaro da buɗe iyaka aikin hukuma ne. Sanin tarihin kuwa namu ne. Matasa nawa ne a Gaya za su iya ba baƙo labarin Kanta na minti goma? A El Jem na ga samari suna yin irin wannan da Larabci da Faransanci, kuma da shi suke kai cefane gida.