Jar Fitilar Birkin Hannu

A-kori-kurar da ke jigilar gero tsakanin Sabon Birni da Isa, har ta leƙa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ƙura ce abincinta. Ƙurar nan ke kashe ɗan makunnin birkin hannu, wanda ke kunna jar fitila a gaban direba.

Abin bai kai ɗan yatsa ba. A tsohuwar Hilux yana maƙale a gindin sandar birkin, da waya ɗaya tal. Ka ja birki, ƙusarsa ta saki, wuta ta bi jikin mota, fitila ta kama. In datti ya cushe shi, sai fitilar ta ƙi mutuwa, ko ta ƙi kamawa.

Abin da ke damuna shi ne direbobin da ke liƙe fitilar da salatif. Ita ce fa ke gargaɗi in man birki ya yi ƙasa! Don haka fara duba man.

In man bai yi ƙasa ba, sauran aikin, wato canza makunnin, ba wuya. Sa wa taya dutse, cire kan batir, zare wayar, kwance noti, ɗaura sabo. Mayar da wayar da kan batir, kunna mota, ja birkin, sake shi, ka tabbata fitilar na amsawa kafin a yi lodi.