Mai Mai Kauri Ba Ya Ƙara wa Tarakta Ƙarfin Ɗaga Garma

Da zarar damina ta kawo kai, akwai maganar da ke zagaya garejin masu gyaran tarakta da inuwar da direbobi ke zaman jiran aiki. Wai idan hannuwan baya sun fara kasala wajen ɗaga garma, man ne ya tsinke, sai a juye man giya mai kauri, lamba 140, ko a cika da baƙin man da aka sauke daga injin babbar mota, ƙarfi ya dawo. Na gaji da jin wannan magana, musamman daga bakin mutanen da suka san kuɗin famfo sabo.

Mu ɗauki Massey Ferguson 135, wadda aka fara ƙerawa a 1964, ita da 'yar'uwarta 165 har yau suna huɗa a gonakinmu. Famfon haidurolik ɗinta yana nutse ne a cikin mai, can ƙarƙashin kujerar direba. Man nan, kusan lita 30, shi ne dai na giya, shi ne na ƙafafun baya. Famfo mai fistin huɗu yana zuƙo shi, ya tura ta wani siririn bututu zuwa silinda, silinda ta ɗaga hannuwa.

To me ya sa mutane suka yarda da batun kauri? Saboda a ranar farko dabarar kamar tana aiki. Idan zoben fistin silinda ya cinye, mai yana sulalewa ta gefensa, garma ta riƙa sauka da kanta. Mai mai kauri ba ya saurin bin wannan kafa, sai direba ya ga garma ta tsaya a sama, ya ce bakanike ya iya aiki. Amma kafar tana nan, ba abin da ya toshe ta. Da rana ta take, man ya yi zafi ya saki, matsala ta dawo inda take. Abin da ya ƙaru shi ne wahalar famfo. Ka gwada zuƙar fura mai kauri da siririn tsinke, za ka gane halin da yake ciki da sanyin safiya. Ba ya samun man da zai cika shi, sai ya haɗa da iska, ka ji yana ƙwanƙwasa, hannuwa suna tashi da fizga. Wannan ƙarar da wasu ke cewa alamar ƙarfi ce, kukan ƙarfe ne yana cin ɗan'uwansa. Bayan haka, wasu daga cikin man giya na manyan motoci suna ɗauke da sinadarin da ke cin tagulla, alhali a cikin famfon nan akwai sassan tagulla.

Baƙin man da aka sauke kuwa ya fi muni. An sauke shi ne don ya gama aiki, cike yake da toka da garin ƙarfe. Bawul ɗin da ke sarrafa hannuwa an goge shi sumul, 'yar tsakuwar da ido ba ya gani ta isa ta maƙale shi. Mutum ya sayi tarakta da miliyoyi, ko ya karɓi amanar ta ƙungiya, sannan ya ɗura mata abin da ake shafa wa katako don gara! Wannan ba tattali ba ne, gyaran gangar Auzinawa ne. Kuma idan ta tsaya a tsakiyar gonar talakan da ya riga ya biya kuɗin huɗa, hakkinsa yana kan wanda ya ɗura.

Wani lokacin ma ba lalacewa ba ce: an bar sandar daidaita zurfin garma a inda bai dace ba, ko direba ya take kuloci har ƙasa, famfo ya daina juyawa.

Ga abin da ya kamata a yi kafin a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa neman famfo. A zaro sandar awon mai a duba. Idan man ya yi fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga, galibi ta robar gindin sandar giya da ta tsage, ga tarakta tana kwana a waje ruwa na dukanta. A sauke man tun yana da ɗumi, kuma a tuna matosai biyu ne a ƙasa, ba ɗaya ba. A kwashe laka da ta kwanta a ciki, a wanke matatar famfo, a sake robar. A zuba sabon mai irin wanda littafin tarakta ya ambata. Masu 135 da yawa suna amfani da man tarakta na gama-gari, 15W-30, amma taraktar da birkinta ke cikin mai sai an tabbatar man ya dace da irin wannan birki.

Idan har yanzu garma tana sauka, a rage man kaɗan, a cire murfin gefen dama, a ɗaga garma, a haska tocila. Mai na ɗiga daga silinda a sama, zobe ne. Yana feshi daga bakin siririn bututun, 'yar robar da ke kansa ce ta mutu, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Yana tafasa a kusa da famfo, bawul ɗin da ke sakin matsi ne. Shi wannan bawul sauya shi ake yi. Masu cusa masa ƙarfe don ya daina saki, su ne ke fasa silinda.

Don Allah kada a sa hannu cikin wannan rami inji yana aiki. Kada a shafa tiyo da tafin hannu ana neman inda yake yoyo, domin man da ke fita da matsi yana huda fata, kuma raunin na asibiti ne nan take ko da ya yi kama da cizon sauro. A kara kwali a gani. Yaran gareji kuma a hana su shiga ƙarƙashin garmar da ke sama sai an tokare ta. Mai tarakta, idan bakanike ya ce maka a ƙara kauri, ka ce ya buɗe murfin gefe ya nuna maka inda man yake zuba tukuna.